Fim ɗin Odisi na Christopher Nolan: teku za a ba wa ƙarfi ko gida?

Baba Mai Littattafai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna batun fim ɗin da Christopher Nolan ya shirya a kan Odisi, tsohuwar waƙar nan ta Girkawa da ake jingina wa Homa, wanda kamfanin Universal ya sa ranar 17 ga Yuli, 2026 don fitar da shi. Matt Damon ne Odisiyus Sarkin Itaka, Anne Hathaway ce matarsa Fenelofi, Tom Holland kuma ɗansu Telemakus. Tun da aka fara tallar fim ɗin, abin da ke bakin mutane bai wuce dodanni da guguwar teku da dokin katako ba, ni kuwa hankalina yana wani wuri dabam. Waƙar babi 24 ce, baitocinta sun haura 12,000, amma labarin ƙaton nan mai ido ɗaya, da na matsafiyar da ke mai da maza aladu, da na matan da waƙarsu ke jan matuƙa jirgi zuwa halaka, da na ziyarar ƙasar matattu, duk an tattara su a babi huɗu kacal, daga na 9 zuwa na 12. A babi na 13 Odisiyus ya riga ya taka ƙasar Itaka. Ke nan rabin waƙar cur a gida take gudana, inda mutumin da ya shekara ashirin ba ya nan ya shiga gidansa cikin tsumma da sandar bara, yana kallon manema 108 suna yanka dabbobinsa suna matsa wa matarsa lamba ta zaɓi ɗaya daga cikinsu. Fargabata ita ce kuɗi da kyamara su ƙare a teku, a bar wa gidan 'yan mintoci a ƙarshe. Ina so in ji yadda kuke gani.

Ɗan Sinima:
Wa alaikumus salam Baba. Na fahimci fargabarka, amma ina ganin idan muka duba ayyukan mutumin na baya za mu sami abin kwantar da hankali. A Inception na 2010, duk wannan shiga mafarki cikin mafarki uba ne yake yi don a ba shi damar komawa wurin 'ya'yansa. A Interstellar na 2014, uba ne ya tafi sararin samaniya ya bar 'yarsa tana ƙarama, ya dawo ya same ta tsohuwa a gadon asibiti. Dunkirk na 2017 kuwa ba shi da wani zance sai na sojojin da ke tsaye a bakin teku suna jiran jirgin da zai mai da su gida. Mutumin da ya daɗe yana kewaya wannan jigo ba na zaton zai kai ga tushensa sannan ya manta da gida.

Game da kyamara kuma, an ɗauki fim ɗin gaba ɗaya da kyamarorin IMAX (na ɗaukar hoto don manyan allunan sinima) masu amfani da faifan fim, abin da ba a taɓa yi wa cikakken fim irin wannan ba. Abin da ya hana a da shi ne ƙarar kyamarar, domin idan tana aiki ba a iya ɗaukar muryar mai magana a hankali, shi ya sa ake ware ta don faɗa da manyan wurare. Sai da kamfanin ya ƙera sababbi waɗanda suka fi sauƙin ɗauka kuma ƙararsu ta ragu kafin wannan aiki ya yiwu. Ni a wurina wannan hujja ce mai ƙarfi, domin wanda yake son nuna teku kawai ba ya buƙatar kyamara mai shiru. Mai son ɗaukar fuskar mutum biyu suna magana a ɗaki ne yake buƙatarta.

Malamin Adabi:
Madalla da wannan bayani, ƙanena. Ni abin da na fi zuba wa ido shi ne yadda za a tsara labarin, domin a nan ne finafinan baya suka fi kauce wa waƙar. Homa bai fara da faɗuwar Taroy, birnin da Odisiyus ya tafi yaƙa tare da Girkawa, ba. Ya fara ne a shekara ta ashirin, da Telemakus, saurayin da bai san fuskar ubansa ba, wanda ya tafi Failos wurin tsoho Nesto, ya wuce Sifata wurin Menelawus, dukansu abokan yaƙin ubansa, yana tambayar ko ubansa na raye. Babi huɗu ake yi ana ambaton Odisiyus ba a gan shi ba. Ranar da za a fara ganinsa, a babi na 5, yana zaune ne a bakin teku a tsibirin Kalifso, wata allahiyar Girkawa, yana kuka, bayan shekara bakwai a hannunta, ya ƙi tayin da ta yi masa na rayuwa marar mutuwa saboda yana son komawa wurin matar da ya san za ta tsufa.

Su kuma dodannin da Baba ya ambata, Homa bai ba da labarinsu da bakinsa ba. Odisiyus ne ya ba da shi a fadar Sarki Alkinawus, a gaban mutanen da yake fatan su ba shi jirgi da kyauta. Mu tuna kuma cewa mutumin nan gwanin shirya ƙarya ne. Da ya isa Itaka ya ce wa Atina, allahiyar Girkawa mai taimakonsa, shi mutumin tsibirin Kirit ne, ya maimaita irin wannan labari ga makiyayin aladunsa, ya maimaita wa matarsa, har tsohon ubansa sai da ya ɓoye wa sunansa kafin ya bayyana kansa. Ba cewa nake yi labarin tekun ƙarya ne ba, domin waƙar ta tabbatar da wasu sassansa a wasu wurare, amma mai sauraro yana jinsa ne daga bakin wanda ya fita da jirage goma sha biyu ya dawo shi kaɗai, kuma dole ya bayyana wa mutane yadda aka yi haka. Idan aka ɗauki abubuwan a jere, daga Taroy zuwa Itaka, wannan duka zai ɓace. Nolan, wanda ya yi Memento a 2000, ya san darajar labarin da ba a iya sakin jiki da mai ba da shi, saboda haka ina sa ran zai riƙe wannan tsari, kuma idan ya sake shi zan ji takaici ƙwarai.

Maman Hafsat:
Malam, duk abin da ka faɗa na yarda da shi. Sai dai ina da magana a kan misalan da Ɗan Sinima ya kawo. Gaskiya ne mazan Nolan suna son komawa gida, amma ku duba su wa suke tararwa a gidan. A Memento matar ta mutu, a The Prestige ta mutu, a Inception ta mutu, a Interstellar ma tun kafin a fara ta mutu. Matar aure a finafinansa galibi abin tunawa ce da ke damun miji, ba ta da nata shiri. Fenelofi kuwa tana raye, kuma wayonta bai gaza na mijinta ba. Ita ce ta ce ba za ta yi aure ba sai ta gama saƙa likkafanin surukinta Layatis, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare, ta shekara uku tana haka kafin wata kuyanga ta tona mata asiri. Ita ce ta fito da bakan mijinta ta ce za ta auri wanda ya ɗaura masa tsirkiya ya harba kibiya ta ratsa gatura goma sha biyu.

Wurin da nake jira shi ne babi na 23. An kashe manema, an wanke gida, mutumin yana zaune a gabanta, ɗanta yana yi mata faɗa wai zuciyarta ta fi dutse tauri, ita kuwa ta yi shiru tana kallonsa. Can bayan ya yi wanka ya dawo sai ta ce wa tsohuwar gidan ta fito da gadon waje ta shimfiɗa wa baƙo. Nan take ransa ya ɓaci, ya ce wa ya isa ya motsa gadon nan, alhali shi ya sassaƙa shi da hannunsa, ƙafarsa ɗaya kututturen itacen zaitun ne mai saiwa a ƙasa, ɗakin ma a kewayensa ya gina shi. Sai a lokacin gwiwoyinta suka saki ta rungume shi. Mutumin da ya yaudari kowa a cikin waƙar, a nan ne aka yaudare shi har ya faɗi gaskiya ba shiri. Idan fim ɗin ya mai da Fenelofi mace mai tsayuwa a taga tana hawaye, to ko da an kawo teku cikin sinima ni a wurina an yi asara.

Ɗan Sinima:
Anti, wannan suka ce da aka daɗe ana yi masa, kuma ba zan musa ta ba. Abin da zan ce kawai shi ne a Oppenheimer, fim ɗinsa a kan masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, an ba Emily Blunt wuri guda mai ƙarfi, inda ta zauna a gaban kwamitin bincike ta mai da wa lauya martani, kuma Anne Hathaway ta yi aiki da shi sau biyu a baya, ba baƙuwarsa ba ce. Sauran sai mun gani.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida kowa. Tambayata a kan allolin Girkawa ce. A fim ɗin Troy na 2004, wanda Wolfgang Petersen ya ba da umarni, an cire su gaba ɗaya, aka bar yaƙi tsakanin mutane. A The Return na 2024, inda Ralph Fiennes da Juliette Binoche suka fito, an ɗauki rabin waƙar na Itaka kaɗai, babu alloli babu dodanni. Shi Nolan an san shi da son bayyana dalilin kowane abu, har jarumin Batman sai da ya nuna inda yake samun kayan aikinsa. To yaya zai yi da Fosaidon mai tayar da teku, da Atina mai sauya kama? A matsayinmu na Musulmi mun san waɗannan abubuwan bauta ne na mutanen da suka shuɗe, ba mu ɗauke su komai ba sai tatsuniya, kuma ni da za a rage su ba zan damu ba.

Malamin Adabi:
Ɗan uwa, a kan aƙida babu saɓani tsakaninmu, muna karanta su ne a matsayin adabin wata al'umma. Amma ta fuskar labari cire su zai rushe ginin. Ka duba abin da ya faru a kogon Folifimus, ƙaton nan mai ido ɗaya. Odisiyus ya bugar da ƙaton da giya, ya tsiyaye masa ido da tsinin itace mai zafi, ya fitar da mutanensa a ɗaure a ƙarƙashin cikin raguna. Sun tsira, sun shiga jirgi, mutanensa suna roƙonsa ya yi shiru, shi kuwa girman kai ya sa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsa don a san wanda ya yi aikin. Da wannan suna ne ƙaton ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, ya roƙi kada mutumin ya isa gida, idan kuma ya isa, ya isa a makare, a jirgin aro, ba tare da ko mutum ɗaya ba, ya kuma tarar da masifa a gidansa. Haka kuwa aka yi. Idan ka cire Fosaidon, wahalar shekara goma ta zama rashin sa'ar yanayi kawai, alhali waƙar tana nuna cewa bakinsa ne ya jawo masa. Daga nan ne za ka gane nisan tafiyar da ya yi a cikin halinsa, domin mutumin da ya kasa riƙe sunansa na minti ɗaya a kan teku shi ne ya zauna a gidansa aka jefe shi da kujera, aka jefe shi da ƙafar saniya, bai ce uffan ba.

Wanda ya karanta labarin Sindbad a Dare Dubu da Ɗaya zai tuna ƙaton da ke gasa mutane yana ci a tafiyarsa ta uku, wanda shi ma aka tsiyaye masa ido da ƙarfe mai zafi. Masana sun daɗe da lura da kamannin labaran biyu, saboda haka wannan sashe ba zai zama baƙo ga yawancinmu ba.

Injiniya:
Ni ƙorafina ƙarami ne amma yana ci mini rai. Hoton farko da aka fitar na Matt Damon a watan Fabrairun 2025 ya nuna shi da kwalkwalin ƙarfe mai jar geza a sama, irin wanda aka saba gani a finafinai. A babi na 10 na Iliyad, ɗaya waƙar da ake jingina wa Homa, an bayyana kwalkwalin da aka ba Odisiyus, na fata ne da aka jera wa hauren aladen daji, kuma masu haƙa kayan tarihi sun tono irinsa a kaburburan zamanin Maisini na tsohuwar Girka. Tun da ana da abin a gidajen tarihi, me ya hana a yi amfani da shi?

Baba Mai Littattafai:
Injiniya, maganarka tana da tushe, kuma da an yi hakan da na ji daɗi. Sai dai ka sani shi kansa Homa ya haɗa zamani da zamani. Ana ƙiyasta an tsara waƙar a ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yaƙin da take magana a kai kuwa, in ya faru, ya riga ta da shekaru ɗari huɗu ko fiye. Cikin wannan tazara mawaƙa ne suka riƙa miƙa ta baki da baki, kowa yana sa abin zamaninsa, shi ya sa za ka ga makaman tagulla a wani baiti, ka ga zancen baƙin ƙarfe a wani. Milman Parry da almajirinsa Albert Lord sun je tsohuwar Yugoslabiya a shekarun 1930 suka naɗi mawaƙan baka da ba su iya karatu ba, suka gano cewa jimlolin da Homa ke yawan maimaitawa a bayan sunan jarumi ko wajen bayyana ketowar alfijir kayan aikin mai rera waƙa ne a gaban jama'a. Duk wanda ya saurari makaɗan fada a ƙasarmu, ya ji yadda kirari ke dawowa yana ba mawaƙi damar shirya baiti na gaba, zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Saboda haka kwalkwali ba shi ne ma'aunina ba.

Ma'aunina shi ne wurare irin na babi na 19, inda aka sa tsohuwar da ta yi renonsa ta wanke wa mabaraci ƙafa. Ya juya baya ga wuta don kada haske ya tona shi, amma hannunta ya taɓa tabon da aladen daji ya yi masa a cinya tun yana saurayi. Ta saki ƙafar, ƙafar ta faɗa cikin tasar tagulla, tasar ta yi ƙara ta karkace, ruwa ya malale a ƙasa, shi kuwa ya cafki maƙogwaronta ya jawo ta yana raɗa mata ta yi shiru, matarsa tana zaune a ɗakin ba ta lura ba. Haka nan tsohon karensa Agos, yana kwance a kan tarin taki kaska ta cika jikinsa, ya ji muryar ubangidansa ya kaɗa wutsiya ya kwantar da kunne, bai iya tashi ba, Odisiyus ya kau da kai ya share hawaye don kada makiyayi ya gani. Waɗannan ba sa cin kuɗi, lokaci suke ci, kuma lokaci shi ne abin da ya yi ƙaranci. Oppenheimer awa uku ne, kuma shi ne iyakar abin da farantin na'urar haska fim ɗin IMAX yake iya ɗauka, saboda haka wannan ma ba zai wuce nan ba. Dole a yar da wani abu, tambayar ita ce me za a yar.

'Yar Jarida:
Baba, kafin a wuce ina so in ƙara wani abu da ya shafi nahiyarmu. An yi ɗaukar fim ɗin a Girka da tsibirin Sisili na Italiya da Ayislan da Sukotland da Maroko, amma an kuma yi wani sashe a Dakhla, cikin Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke riƙe da mafi yawansa tun bayan ficewar Sifaniya a tsakiyar shekarun 1970, wanda ƙungiyar Polisario ke neman 'yancinsa. Masu shirya bikin finafinai na FiSahara, wanda ake yi a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi a Aljeriya, sun fito sun soki hakan a watan Yulin 2025. Ina ganin ya dace mai kallo ya san wannan, musamman da yake fim ne a kan mutumin da wasu suka mamaye gidansa, kuma dubban mutanen yankin sun shafe kusan shekara hamsin a sansani suna jiran komawa nasu.

Maman Hafsat:
Allah Ya saka, 'yar uwa, wannan abin lura ne. Tun da an zo kan abubuwa masu nauyi, ina so in ji ra'ayin Malam a kan kuyangin nan goma sha biyu. Bayan an kashe manema, aka sa su kwashe gawawwaki su wanke jini, sannan Telemakus ya ɗaura igiyar jirgi ya rataye su a jere saboda sun yi hulɗa da maneman, alhali bayi ne da ba su da ikon cewa a'a ga mazan da suka cika gidan. Homa ya kwatanta su da tsuntsayen da suka faɗa tarko, ya ce ƙafafunsu sun ɗan motsa kaɗan, ba da daɗewa ba. Emily Wilson, wadda fassararta ta Ingilishi ta fito a 2017, ta jawo hankalin masu karatu sosai kan wannan wuri. Shin kana ganin za a nuna Tom Holland, wanda yara suka sani da Spider-Man, yana aikata wannan?

Malamin Adabi:
Hajiya, zatona shi ne za a tsallake shi, ko a sassauta shi, kuma ina fatan zatona ya zama ba daidai ba. Waƙar ba ta wanke jaruminta ba. A babi na 8, da makahon mawaƙi Demodokus ya rera labarin dokin katako, dabarar Odisiyus da aka ci Taroy da ita, a fadar Alkinawus, Odisiyus bai yi alfahari ba, kuka ya yi, kuma Homa ya kwatanta kukansa da na matar da ta faɗa kan gawar mijinta a bakin ganuwa, mayaƙa suna zungurar bayanta da mashi za su kai ta bauta. Wato an ɗora masa kukan matan da dabararsa ta mai da zawarawa. Wanda ya yi fim a kan masanin da basirarsa ta ƙone Hiroshima da Nagasaki, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar bakwai a 2024, ya san irin wannan mutum, kuma nan ne nake ganin ƙarfinsa zai fito.

Babi na ƙarshe ma yana da irin wannan nauyi. Iyayen manema sun taru, uban Antinawus, jagoran maneman, ya miƙe yana kuka ya ce mutumin nan ya kwashi samarinmu a jirage ya hallaka su, ya dawo ya kashe waɗanda suka rage. Maganarsa ba ƙarya ba ce. Suka ɗauki makamai suka nufi gonar Layatis, aka fara zub da jini, sai Atina ta tsawata aka ƙulla sulhu. Ko bayan haka Odisiyus bai huta ba, domin boka Tiresiyas ya gaya masa a ƙasar matattu cewa sai ya sake fita da filafilin jirgi a kafaɗa, ya yi ta tafiya cikin tudu har ya kai inda mutane ba su san teku ba, wani ya ɗauki filafilin abin sheƙar hatsi ne, a can zai kafa shi ya yi yanka don Fosaidon ya huce. Ya faɗa wa Fenelofi wannan a daren da suka haɗu, kafin ma su kwanta.

Ɗan Damagaram:
Malam, ke nan idan aka rufe fim ɗin a kan rungumar miji da mata, an bar iyayen yaran nan 108 a waje ba a saurare su ba. Ni yanzu abin da zan fara dubawa shi ne ko an ba uban Antinawus damar yin maganarsa. Ina kuma roƙon masu fassara finafinai zuwa Hausa, idan wannan ya iso hannunsu, su nemi wanda ya karanta waƙar ya zauna tare da su, domin yawancinmu ta wurinsu za mu gan shi a waya, kuma wurare irin na gadon zaitun da na tsohuwa da tasa gaba ɗayansu a kan magana suka tsaya.